Akantan Da Ya Ci Dala Miliyan 2.5 A Karta, Da Mutum 776 Da Aka Manta



Yau labarin Chris Moneymaker za mu taɓa. A wancan lokacin akanta ne a Amurka, ba ƙwararren ɗan karta ba. A 2003 ya ci gurbi ta intanet, ya tafi Las Vegas gasar karta ta duniya, WSOP, inda kujera ɗaya dala 10,000 ce. Karonsa na farko kenan a babbar gasa ido da ido, kuma ya tashi da dala miliyan 2.5.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum 839 suka zauna, 63 kaɗai suka samu wani abu. Sauran 776 fa? Hannu rabbana! Da kuɗinsu aka biya shi. Amma labarinsa ya ja jama'a, a 2006 mutum 8,773 suka shiga.

Haka ake mana da cacar ƙwallo: a nuna wanda ya ci, a ɓoye dubban da aka cinye. Zamfara ta haramta caca ƙarƙashin Shari'a, amma waya ta kawo ta har ɗaka. Ɗan uwa, kuɗin takin bana, kar ka kai su can.

Sai shiri na gaba.