Jawabi A Kan Dajin Gundumi

Jawabin nan a kan Dajin Gundumi ne, da abin da ya auku cikinsa, da abin da mutanen da suke faɗi game da shi.

Shi dai dajin nan a ƙasar Sakkwato yake, tsakanin Isa daga gabas da Wurno daga yamma. Gulbin Rima ya kewaye shi ta wajen arewa. Ba girmansa kaɗai ya sa sunansa ya fita ba, rashin ruwa ne. Da rani mutum ya yini ya kwana yana tafiya bai ga rijiya ba, balle gari.

Abin da ake faɗi game da kowane babban daji na ƙasar Hausa, ana faɗinsa game da Gundumi. An ce tsamiya da kuka gidajen iskoki ne, saboda haka matafiyi ba ya hutawa gindinsu da tsakar rana ko da almuru. An ce da dare akan ji kiɗa da hayaniya kamar ta kasuwa inda babu ko bukka, wanda ya bi sautin kuwa ba ya komowa. In an kira sunan mutum cikin duhu, ba ya amsawa. In kuwa ya yi makuwa, gabas ta koma masa yamma, sai a ce aljanu ne suka juya shi. Mafarauta ba su shiga sai da layu da baduhu, ba su kuma harbin gwanki sai sun shirya, don sun ce yana da mugun abu. Malamai sun ce yawancin wannan camfi ne. Amma camfin ya yi wani amfani, gama ya hana gatari taɓa manyan itatuwa, ya kuma hana mutum shiga daji shi kaɗai.

To, amma abin tsoro na gaskiya cikin Gundumi iri biyu ne, ƙishirwa da mutane. Bayan da aka ci Alkalawa cikin 1808, Gobirawa ba su saduda ba. Ko da aka kashe Sarkin Gobir Ali a yaƙin Gawakuke cikin 1836, sauransu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, suka ci gaba da kawo hari. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano kuwa ta cikin dajin nan ta bi. Don haka fatake da manzanni sukan taru su yi ayari babba, su cika salkuna, sa'an nan su shiga, ba zango sai sun fita. Wanda ya gaji ya zauna, ya zauna ke nan.

Turawa biyu sun ratsa shi, sun rubuta abin da suka gani. Na fari Kilafatan, wanda ake kira Abdullahi, cikin 1824. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da dawaki 150 su tarye shi su kai shi Sakkwato. Sa'ad da yake komowa, ƙishirwa ta wahalshe shi ƙwarai, shi da ayarinsa. Na biyu Barth, mutumin Jamus, wanda ake kira Abdulkarim, cikin 1853. Shi da mutanensa sun yi tafiyar sa'a 26 ba su sauka ba, har suka iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, yana shirin yaƙin Gobir.

A nan akwai abin lura. Sarakunan zamanin nan ba su bar hanya ga sa'a ba. Sun sa 'yan rakiya, sun kafa ribaɗi. Shi kansa Muhammadu Bello ya zauna Wurno don tsaron wannan gefe, can kuma ya rasu cikin 1837. Watau sun gane daji ba ya zama babu mai shi. In sarki bai riƙe shi ba, ɓarawo ya riƙe.

Da aka ci Sakkwato cikin 1903, hare-hare suka kwanta, sai aikin ya sake kama. Da ana tsare mutane daga daji, yanzu kuma ya zama ana tsare daji daga mutane. Aka yi dokar daji cikin 1916, aka sake ta cikin 1937, aka ba En'e ikon keɓe gandun daji. Gundumi ma ya zama gandu. Malamin daji yakan zaga iyaka da ƙafa ko bisa doki, ya hana sara da sa wuta, dagaci ya san baƙon da ya kwana ƙasarsa, ya sanad da hakimi. Albashin kaɗan ne, amma idon hukuma yana kai wa har tsakiyar kurmi.

Cikin 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, aikin En'e ya ƙare. Daga baya zagaye ya yi sauƙi, masu gawayi da masu neman gona suka shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun mai da dajin mafaka, har matafiya suka riƙa gudun hanyar da ta ratsa shi zuwa Isa, kamar yadda kakanninsu suka ji tsoronta.

Saboda haka wanda ya san tsohuwar iyakar gandu, ko sunan wata rijiya, ko burtalin shanu, kada ya tafi da saninsa kabari. Ya faɗa wa na baya, a rubuta, don masu riƙe da ƙasa yau su san abin da aka bar musu amana.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba ƙasa lafiya, amin. Wassalam.