Motar Hasken Rana: Ta Ina Yaranmu Za Su Fara?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai, a Kalmalo



An nemi in yi bayani a kan shawarar da aka kawo, cewa ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin 'yan ajin kimiyya su ƙera mota mai aiki da hasken rana. Ina goyon baya. Amma tunda kuɗin daga aljihunmu zai fito, ya kamata mu yi lissafi tukuna.

Abin ba baƙo ba ne a jihar nan. Jelani Aliyu, wanda ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka. A 2021, lokacin yana shugabantar hukumar ƙera motoci ta ƙasa, aka buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ku riƙe wannan tashar a rai, zan dawo kanta.

Yaro in ka ce masa motar rana, abin da zai fara hangowa shi ne faifan sola a bisa rufi, mota na ta gudu kyauta. To, ga lissafin. Da tsakar rana, kowane murabba'in mita na samun kimanin wat 1,000, faifai kuma kashi ɗaya cikin biyar kawai yake mayarwa lantarki. Rufi mai murabba'in mita 2 zai ba ka wat 400 ke nan, wato rabin ƙarfin doki da 'yan kai. Da wannan za ka hau yashin hanyar tafki da buhun albasa? Injin Keke Napep mai lantarki, ko ƙarami ne, yana son wat 1,000 ko fiye. Ga zafin bazara yana rage ƙarfin faifai, ga ƙurar hunturu tana rufe shi.

Gaskiya ne akwai motocin da rana kaɗai ke tafiyar da su. Tun 1987 ake gasarsu a Ostareliya, daga Darwin zuwa Adelaide, kusan kilomita 3,000, kuma ɗaliban jami'o'i ne suka fi shiga. Sai dai yawancinsu mutum ɗaya suke ɗauka, kuma kuɗin kayansu ya fi ƙarfin asusunmu nesa ba kusa ba.

Hanyar da na fi so ita ce ta waccan tasha ta jami'a: faifai a rumfa, batir a mota. Rumfa ba ta tafiya, don haka nauyi ba ya damunta, kuma yaro zai iya goge ta kullum da safe. Faifai 6 masu wat 300, in suka sami awa 5 na rana mai ƙarfi, za su tara kilowat-awa 9 a takarda, kafin zafi da ƙura su ci rabonsu. Sannan kada yara su ɓata zango guda suna ƙera gangar jiki. A sayi tsohon Keke wanda injinsa ya mutu, mai birki da ƙafafu lafiyayyu, a sauke injin a ɗora na lantarki. Haka Mustapha Gajibo ya fara a Maiduguri, da sauya ƙananan bas masu shan fetur, kafin ya kai ga ƙera nasa.

Batir ne zai cinye mafi yawan kuɗin, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Muna jami'a muka sayi na hannu don sauƙi, ranar gwaji keken namu bai kai bakin ƙofa ba ya tsaya, muka turo shi ana dariya. Na dalma yana da araha amma ga nauyi, na litiyam ba nauyi amma ba ya son zafi, kuma in babu na'urar da ke lura da cajinsa yana iya kamawa da wuta. Saboda haka ba a bar yara su kaɗai da shi ba.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, shi ne a kafa kwamitin mutum uku, a sa malamin kimiyya da mai walda ɗaya daga Illela, su kawo mana farashin rumfar da na Keken kafin hutun zango mai zuwa. Ni na ɗauki faifai biyu.