YADDA MUTUM ZAI SAN MATSAKAICIN SAMUNSA

Yau jawabinmu a kan wata 'yar dabara ce ta lissafi, wadda za ta raba magidanci da yawan cin bashi.

Kun sani ba kowa ne samunsa ke zuwa daidai wata-wata ba. Tela yakan cika aljihu gab da Salla, magini da rani, manomi kuwa da kaka. Wanda ya auna cefanen gidansa da watan yalwa, lalle watan ƙunci zai same shi hannu wofi. Maganin wannan shi ne mutum ya san matsakaicin samunsa, watau abin da zai faɗa wa kowane wata in an raba samun shekara daidai wa daida.

Ga yadda ake yi. Ka sami littafi, kullum ka rubuta abin da ya shigo bayan ka fitar da kuɗin kayan aiki. Shekara ta cika, sai ka haɗa duka ka raba gida 12.

Mu ɗauki misalin tela. A ce watannin Salla biyu ya sami naira 240,000 kowanne, watanni huɗu na bukukuwa 120,000 kowanne, sauran shida kuwa 60,000 kowanne. Jimla ta zama 1,320,000. In aka raba gida 12, kowane wata ya tashi 110,000. To, wannan ne albashinsa na gaskiya, a kansa zai tsara ci da sha. A watanni shidan nan na yalwa rarar da zai ajiye ta kai 300,000, ita ce kuma daidai abin da zai cike giɓin watanni shida na ƙunci, 50,000 kowane wata.

Sai a lura da abu uku. Na fari, mai karɓar lada mako-mako kada ya ninka shi sau 4, gama shekara mako 52 ce. Ya ninka sau 52, sa'an nan ya raba gida 12. Na biyu, ma'aikacin albashi ya yi lissafi da abin da ya shiga hannunsa bayan an cire haraji da kuɗin fansho. Na uku, hidimomin da ke zuwa sau ɗaya a shekara, kamar kuɗin haya da ragon layya, su ma a raba su gida 12, a riƙa ware rabonsu kowane wata.

Rarar nan kuwa kada a bar ta a aljihu, domin kuɗin aljihu ba su kwana. A kai banki, ko a zuba adashi wurin amintattu. Kuma tun da farashin kaya yakan sauya, a sabunta lissafin kowace shekara.

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Wanda bai iya rubutu ba, ya sa ɗansa ɗan makaranta ya riƙe masa littafin, a fara tun daga yau. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.