BAREWA DA DANGINTA A DAJIN BINUWAI

Maganarmu ta yau a kan barewa ce da danginta, wato gada, da mariya, da kanki, da gwanki, da babbansu duka wanda Fulani su ke kira yamusa. Nauyin namijinsa ya kan kusa kilo 1,000.

'Yan makaranta su kan ga hoton wata dabba a littattafan Turawa, mai ƙaho da rassa kamar itace, su ce, "Ko akwai ta a dajinmu?" Babu ita. A Afirka asalinta duwatsun Aljeriya ne da Tunisiya. Ita ƙahonta ya kan faɗi kowace shekara, sabo ya tsiro. Amma na barewa ba shi da reshe, ba ya kuwa faɗuwa har ta mutu.

Waɗansu kuma su kan ce, "Naman daji ya na ƙarewa ne?" I, ya na ƙarewa. Mariya ta kan yi wajen wata 8 da ciki, ta haifi ɗa guda ɗaya tak. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a kwanakin farko uwar ta kan ɓoye shi cikin ciyawa, ta riƙa komowa ta na ba shi nono. In ka iske shi kwance, ba maraya ba ne, ka bar shi. Tarkon waya kuwa ba ya zaɓe. Ran da ya kama uwa, ya kashe biyu ke nan.

Ku tuna da karkanda. A nan arewacin Kamaru irin tamu ta ƙarshe ta zauna. A 2006 aka neme ta, ba a ga ko ɗaya ba. A 2011 aka sanar ta ƙare ƙaƙaf.

Domin wannan a ke tsaron dajin Binuwai, wanda aka keɓe a 1932, ya zama gandun ƙasa a 1968, fāɗinsa hekta 180,000. Tun 1970 kuma akwai makarantar masu tsaron namun daji a Garwa.

To, kai mai saye a kasuwa, kuɗinka ne ke ɗana tarkon. In babu mai saye, maharbi ba zai shiga gandu ba. Allah ne ya halicce su, ya ba ɗan adam amanarsu. Kada jikokinmu su san barewa a karin magana kaɗai.