Ciyawar da Kofato Ke Raya Ta



Jawabinmu na yau a kan wata 'yar ciyawa ce ta gabashin Amurka, dangin wake da gyaɗa, wadda masana ke kira Trifolium stoloniferum. Ganyenta uku-uku ne. Furenta fari ne, a dunƙule, faɗinsa kamar inci ɗaya, yana fitowa wajen watan Mayu da Yuni, da ganye biyu suna fuskantar juna a ƙarƙashinsa. Yaɗo take yi bisa ƙasa kamar dankali, tana kafa saiwa a gaɓoɓinta. Ba ta son rana tsantsa, ba ta son duhuwar kurmi, sai inuwa mai ratsin haske.

A da, ɓaunan Amurka ne ke raya ta. In garke ya ratsa, sai ya tattake ƙasa, ya cinye dogayen ciyayin da ke danne ta, ya buɗe mata fili. Da aka karkashe ɓaunan, aka sare dazuzzuka domin noma, sai ta yi ta ja da baya. Daga 1940 ba a sake ganinta ba, har aka fid da rai. Sai a 1983 wani masanin tsirrai, Rodney Bartgis, ya yi kiciɓis da ita a jihar West Virginia. A 1987 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa.

To, a ina aka ci gaba da samunta? A gefen hanyoyin masu yankan katako, da tsofaffin maƙabartu, da filayen da ake yanke wa ciyawa jefi-jefi, watau wuraren da ake takawa amma ba a cika ba. Da aka gane haka, aka riƙa kula da ita ta wannan hanya, sai ta farfaɗo a jihohi irin su Ohio da Kentucky da Indiana, har aka cire ta daga jerin a 2021.

'Yan'uwa, gobe waɗansunmu ne za su zauna a ofisoshin gandun daji da na aikin gona. Kafin mu ba da umarnin a kewaye daji da waya, lalle mu tambaya: me ke raya abin da muke son karewa? Da an killace wannan ciyawa an hana kowa takawa, da garin gyaran gira an rasa ido.