Na'ura a Cikin Aji: Abin da Muka Gani da Abin da Muke Roƙo

Jawabin ɗaliban malanta da gidauniya ke ɗaukar nauyin karatunsu, wanda wakilinsu ya karanta a taron shekara na masu bayarwa da kwamitocin masallatai, a Rogo Sabon Gari

 



Mu ne 'ya'yanku da kuke biya wa kuɗin makaranta, muna karatun malanta a Kumbotso da Bichi da cikin birnin Kano. A cikinmu akwai 'yan Rogo da Zarewa da Fulatan da Beli da Ƙaraye. Shugabannin gidauniya sun shaida mana cewa wasu bayin Allah sun ƙudiri aniyar yin wakafin kwamfutoci ga makarantun wannan yanki, kuma sun umarce mu da mu faɗi ra'ayinmu tun kafin a kashe ko kwabo, tunda mu ne za mu tsaya a gaban allo gobe. Mun zauna mun yi shawara, ga kuma abin da muka tsayar.

Da farko, buƙatar gaskiya ce. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya ta kwamfuta, kuma a 2024 hukumar WAEC ta fara bin wannan hanya da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawar. Mun san amsa, amma hannu na rawa, agogon da ke saman na'ura kuwa yana ta cin lokaci. Muna da abokan karatu da suka fi mu ƙoƙari a aji, a nan tafiyarsu ta tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba ma so ƙannenmu su isa wannan ƙofa kamar yadda muka isa.

Sai dai koyarwar gwaji da aka tura mu ta nuna mana wani ɓangaren. A wata firamare da ɗayanmu ya koyar, yara sun haura ɗari a aji guda, fiye da rabinsu a ƙasa suke zaune. A ɗakin ajiyar makarantar akwai kwamfutoci da wani mai niyyar alheri ya kawo shekarun baya, suna cikin kwalayensu, ƙura ta rufe su. Babu wutar lantarki, babu malamin da aka koya wa sarrafa su, shugaban makarantar kuma yana tsoron a buɗe su wata ta lalace a ɗora masa laifi. Kyautar ta iso, amma babu yaro ko ɗaya da ya taɓa amfana da ita.

A wannan ajin ne kuma ɗan'uwan namu ya zo koyar da darasin koguna. Ya ɗauko wayarsa ya nuna wa yara hoton madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye kamar yadda tauraron ɗan'adam ya ɗauko ta daga sama. Wasunsu sun san ruwan, iyayensu na kamun kifi da noman rani a bakinsa, amma ba su taɓa ganin siffarsa ba. Wata yarinya ta tambaya ina ruwan yake zuwa. Sai aka bi shi da yatsa: ya haɗu da kogin Kano, ya zama kogin Haɗeja, ya nufi Yobe har tafkin Chadi. Gani ya kori ji. Amma kafin wayar nan ƙwaya ɗaya ta zaga layi-layi, an kaɗa ƙararrawa. Da akwai majigi da zai haska hoton a bango, da minti biyar ya wadatar.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne a ajin nan na huɗu akwai yaran da ba sa iya haɗa baƙi da wasali su karanta sunansu da Hausa. Babu na'urar da za ta yi wannan aiki a madadin malami mai haƙuri da alli a hannu da littafi a gaban kowane yaro. Ƙasar Peru ta raba wa ɗalibanta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai sami ƙaruwa a lissafinsu ko a karatunsu ba. A nan gida ma, a 2007 an raba wa ɗaliban wata firamare a Abuja irin waɗannan kwamfutoci, ba a daɗe ba jaridu suka ba da labarin cewa yaran na buɗe hotunan banza da su. Haka kuma lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussan rediyo ne suka iso ƙauyukanmu, domin rediyo ce na'urar da ke kusan kowane gida, kuma batur biyu sun ishe ta.

Malamanmu, ku kuka karantar da mu cewa sa'ad da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya sami gona a Khaibar, an shiryar da shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta. Gona da rijiya suna daɗewa. Kwamfuta kuwa cikin 'yan shekaru take tsufa, baturinta ya mutu, ƙurar hunturu ta shige ta. Saboda haka wakafin na'ura ba zai zama sadaka mai gudana ba sai an tanadi abin da zai riƙe shi a raye. A kan wannan ma'auni muke gabatar da roƙonmu guda biyar.

Na ɗaya, a fara da wuta. Faranti mai amfani da hasken rana da batur mai kyau su riga kowace kwamfuta shiga makaranta.

Na biyu, kada a warwatsa kayan. A ba kowace makarantar da aka zaɓa kwamfuta ɗaya da majigi ɗaya a hannun malami, a sauke darussa a cikinta yadda za su yi aiki ko babu intanet. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce, kuma tana da darussa da Hausa. Sannan a buɗe cibiya guda a nan Rogo inda 'yan ajin ƙarshe na sakandare za su riƙa gwada jarrabawar kwamfuta tun da sauran watanni, a kuma ware wa 'yan mata ranakunsu da malama mace.

Na uku, a haɗa wakafin da abin da ke kawo kuɗi. Shago ɗaya a kasuwa ko gona ɗaya, a tsayar da kuɗin hayarta domin gyara da sauya batur, ya fi ƙarin kwamfutoci goma da za su mutu babu mai tashinsu.

Na huɗu, a horar da malaman da ke bakin aiki tare da mu. Sun fi mu sanin yara da dabarar riƙe aji, mu kuma mun ɗan riga su sabawa da na'ura. Idan aka bar su a baya, kayan za su koma ɗakin ajiya.

Na biyar, muna roƙon kwamitocin masallatai su zama masu kula. Idan kun kai ziyara, kada ku tsaya ga ƙirga kwalaye. Ku ce a kunna, ku duba rajistar waɗanda suka yi amfani da ita a makon, ku kira yaro ɗaya ya nuna muku abin da ya koya. Ku kuma rubuta wa shugaban makaranta cewa lalacewar na'ura a wurin aiki ba laifi ba ce. Kulle ta shi ne laifi.

Mu ma ga namu alkawarin. Idan mun kammala, za mu nemi a turo mu makarantun yankin nan. Ba za mu kunna majigi mu koma gefe mu zauna ba, kuma ba za mu nuna wa yara abin da ba mu fara dubawa ba. Karatu da rubutu da lissafi su ne za mu sa a gaba, na'ura ta biyo baya tana taimaka musu. Idan kun gan mu mun kauce, ku iyayenmu ne, ku tsawata mana.

Allah Ya karɓi zakkarku da wakafinku, Ya sanya albarka a dukiyarku da zuriyarku, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan jama'a.