Auduga Ba Ta Shiga Tukunya

Kafin mu shiga batun rabon iri, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin wasu manoma a Amurka. Kada ku yi dariya, can ma an yi yunwa.

Akwai wata jiha da ake kira Arkansas, jihar talakawa manoman auduga. Da yawansu ba su da gonar kansu. Mai ƙasa ke ba mutum fili da iri da alfadarin huɗa, ya riƙa cin bashin abinci a kantinsa, in kaka ta yi a raba auduga biyu, sannan a cire bashi daga rabonsa. Har bakin ƙofar ɗaki ake shuka auduga, babu wurin ko gayauna.

A 1927 kogin Mississippi ya yi ambaliya ya cinye gonaki. Ba su gama farfaɗowa ba, tattalin arzikin ƙasar ya karye a 1929. Laba ɗaya ta auduga da ake saye wajen senti 17, zuwa 1931 ta faɗo ƙasa da senti 6. A tsakani kuma fari ya zo a 1930, masara ta ƙone, bankuna suka rufe da kuɗin mutane a ciki. Mai kanti ya ce babu sauran bashi. To ku faɗa mini, magidancin da ba shi da rumbu, ina zai nufa?

Ran 3 ga Janairun 1931, ɗaruruwan manoma suka dunguma cikin wani gari mai suna England (gari ne a jihar, ba ƙasar Ingila ba), suna cewa 'ya'yansu na jin yunwa, ba za su koma gida hannu rabbana ba. Sai da 'yan kasuwa suka buɗe kantuna aka raba abinci. Waɗanda suka daɗe a kan garin masara da kitse kawai kuwa, wani ciwo ya kama su, fata ta tsattsage, ga gudawa, wasu har taɓin hankali.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tallafin gwamnati. A 1933 gwamnatin Shugaba Roosevelt ta biya kuɗi a tumɓuke wani kaso na auduga don farashi ya tashi. Kuɗin hannun masu ƙasa ya shiga, da yawansu suka riƙe, suka kuma sallami talakawan da ke musu noma. Sai a 1934 manoman, baƙi da farare, suka kafa ƙungiyarsu a garin Tyronza.

Bara a nan an ga yadda wasunmu suka zuba riɗi gona guda saboda ya yi tsada. Ban ce a daina ba. Amma kafin in buɗe buhunan nan, kowane maigida ya gaya wa sarkin noma kadada nawa ya ware wa gero da dawa da wake, a rubuta. Alhaji, mu fara da kai.